Jitar da Tudora ta saya wa mamaci

Gwaggona Tudora, ƙanwar mahaifina, da cokalin katako take kunna fitilar ɗakin girkinta. Takan tsaya nesa, ta miƙa hannu ta danna makunnin da bakin cokalin, sannan ta ja da baya kamar wadda ta tsokani kare. Injin wanki ta daɗe da bayar da shi, da hannu take wanki a bahon wanka. Idan ƙwan fitila ya mutu, sai ta zauna a duhu har wani ya zo ya canza mata.

Da ba haka take ba. An haife ta a wani ƙauye a bakin kogin Olt, ta zo garin Slatina tana budurwa, ta kama aiki a masana'antar ɗinki. Shekara da shekaru tana ɗinka wuyan riguna a kan keken lantarki, idan waya ta kwance ma ita ke ɗaurewa da kanta ba ta jiran mai gyara. Mijinta Marin ya tafi aikin gini Sifen lokacin da aiki ya ja baya a gari. Da fari yana aiko da kuɗi, daga baya hotuna, daga baya kuma shiru. Ya bar ta da ɗa guda, Sabin, wanda na girma da shi kamar ƙanena.

Sabin yana da shekara sha tara ya rasu. A bayan benen da suke zaune akwai jerin garejin kwano, a ɗaya daga ciki yake koyon jitar lantarki da ya aro wurin wani abokinsa. Akwatin sautin da ake jona jitar a jiki kuwa tsoho ne, a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi ya samo shi, ya jawo masa waya daga matakalar bene ta taga. Lokacin zafi ne, ya zuba ruwa a simintin don ya ji sanyi, ƙafarsa ba takalmi. Gwaggo tana baranda tana gasa tattasan da za ta ajiye na hunturu, tana mitar ƙarar da ya cika unguwa da ita. Can sai kiɗan ya tsaya, gunjin akwatin kawai ya rage. Ta ce a ranta an gode Allah kunne ya huta, ta ci gaba da ɓare tattasanta. Maƙwabciyarsu ta sama, Geta, wadda ta dawo daga aikin asibiti tana son barci, ita ce ta sauka don ta ce masa ya kashe gunjin nan. Ita ta same shi kwance, wutar lantarki ta kashe shi.

Ina Holan ina karatu a lokacin, ban samu jana'iza ba. Da na dawo gida gaba ɗaya na kama aiki a wani kantin magani, sai na mayar da gidan Gwaggo wurin shan kofina na safiyar Asabar. A nan na sake koyon abubuwan da na tafi na bari ban gama fahimta ba.

A wurinmu abin da aka ba da sadaka a nan shi mamaci yake samu a can lahira. Gwaggo ba ta bar Sabin da rashi ba. Ta ba da gado da katifa da bargo, ta ba da tebur da kujera, ta ba da kwat da takalmi sababbi, da bokiti, da tawul, da fitila. Ta sa wata yarinya ta yi ta ɗiban ruwa tana kai wa maƙwabta don kada ya ji ƙishirwa. Kowace addu'a ta zagayo tana dafa alkama da sukari, ta kai coci, ta raba. Kowane abu akan miƙa shi hannu da hannu da kyandir a kunne, wanda ya karɓa ya ce "bogdaproste", wato Allah ya gafarta wa mamatanki. In bai faɗa ba, sadakar ba ta isa ba.

Ana saura 'yan makonni addu'ar shekara bakwai, wadda ita ce babba ta ƙarshe, na iske ta zaune ba ta ɗora kofi ba. Ta ce ta yi mafarkin Sabin, kuma ba sau ɗaya ba. Yana zaune a kan gadon da ta bayar, sanye da kwat ɗin da takalmin, ya yi ƙiba ma. Bai ce mata komai ba, bai ma dube ta ba. Yatsunsa na hagu kawai ke motsi a kan cinyarsa, suna hawa suna sauka, na dama kuma suna kaɗa iska.

"Jitar ta aro ce, Mirela," in ji ta. "Mai ita ya zo ya ɗauki abarsa. Yarona ya tafi hannu wofi."

Ta je wurin limamin coci. Ya ce mata mamaci addu'a yake bukata, ba kayan kiɗa ba, ta ciyar da mabukata ta kwantar da hankalinta. Ta sumbaci hannunsa ta fito. A ƙofar cocin tsofaffin matan da ke sayar da kyandir suka ce mata shi liman aikinsa ne ya faɗi haka, amma abin da aka gani a mafarki bayarwa ake yi, kuma bayan shekara bakwai hanya takan yi nisa.

Sai na kawo shawarar da nake gani mai sauƙi ce. Na ce mu sayi jitar katako, irin wadda ba a jona ta da komai, ga araha ga kwanciyar hankali. Ta dube ni kamar na ce a kai wa mai jin yunwa hoton burodi. Ta tuna mini da wata mata a ƙauyensu da ta ba da tsagaggen kofi, mijinta ya yi ta zuwa mata a mafarki rigarsa jiƙe. Abin da ka miƙa shi ke isa, yadda yake. Sabin ba jitar katako yake so ba, ta sha jin yana yi mata dariya.

Nan abin ya tsaya mata a wuya. In ba ta bayar ba, ɗanta zai zauna har abada yana kaɗa iska. In ta bayar, sai ta ɗauki abin da ya kashe ɗanta ta sa a hannun ɗan wata, domin sadakar saurayi saurayi ake ba. Ta ma san wanda za ta ba. Relu ne, ɗan Geta na sama, wanda yanzu ya kai shekarun da Sabin ya tsaya a kai. Yana aiki a gidan burodi, kuma duk benen an san shi da kaɗa ƙarfen matakala da yatsu idan yana saukowa, an san yakan tsaya ya daɗe a gaban tagar kantin kayan kiɗa na kusa da kasuwa.

Can muka je wata ranar Talata, bayan ta karɓi fanshonta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi alamar gicciye, domin wayoyi ne baƙaƙe kwance a ƙasa ko'ina. Ta shiga tana ɗaga ƙafa kamar mai ratsa ciyawar da ake zaton maciji. Mai kantin, wanda kowa ke kira Nea Fane, dattijo ne mai tumbi da furfura ɗaure a ƙeya. Ya ce mata ta saki jiki, ba sa cizo sai an taka musu wutsiya. Ba ta yi dariya ba.

"Jika za a saya wa, Tanti?" ya tambaye ta, yadda ake kiran dattijuwa a wurinmu.

"Ɗana."

"Shekarunsa nawa?"

"Sha tara."

"Ya iya, ko zai kashe wa maƙwabta kunne ne?"

"Koyo yake," in ji ta.

Na matsa kusa da shi na faɗa masa a hankali cewa ta sadakar mamaci ce. Ya dubi baƙin ɗankwalinta, ya tambayi sunan yaron. Da ya ji, sai ya rage sautin rediyonsa. Ashe ya san labarin, duk masu kiɗan garin sun sani.

Gwaggo ta nuna mafi araha, wata shuɗiya mai ƙyalli da ke rataye kusa da ƙofa. Nea Fane ya sauko da ita, ya ce in shafa gefen wuyanta da yatsa. Bakin ƙananan ƙarafan da ke jere a kai ya karce ni. Ya ɗora ta a kafaɗa kamar bindiga ya kanne ido ɗaya, ya nuna mini yadda wuyan ya ɗan lanƙwashe, tsirkiyoyin suka yi nisa da katakon. Ya ce mai koyo zai danna har yatsunsa su fashe sautin bai fita ba, ya ɗauka shi ne bai da kai, kafin wata ya zagayo ya tura ta ƙarƙashin gado. Wannan maganar ce ta shiga kunnen Gwaggo. Ta tambaye ni, in Relu ya tura ta ƙarƙashin gado a nan, ta Sabin a can fa? Sai ta ce a mayar da shuɗiyar.

Ya kawo wata ta hannu, ya ce ta fi duk na jerin nan kyau kuma kuɗinta bai kai nasu ba, wani mai kiɗan biki ne ya sayar. Gwaggo ta ga inda gumin hannun mutumin ya cinye fenti, ta girgiza kai. Ba a aika wa mamaci ragowar wani. Nea Fane ya ce ita dai ya ga alama ta fi masu duba kaya na gwamnati tsanani. Daga ƙarshe ya sauko da wata ja, sabuwa, mara ado. Ya murɗa kunnuwanta, ya ja tsirkiyoyin da ƙarfi, ya sake gwadawa ya ji ba su saki ba. Ya ce ba ta da nauyi, wuyanta siriri ne, hannun da ya saba da kwaɓa fulawa ba zai sha wahala ba. Kuɗinta ya ɗara abin da Gwaggo ta zo da niyyar kashewa, amma bai fi ƙarfinta ba.

Sai ya ɗauko wayar da ake jona ta da ita. Gwaggo ta buɗe jaka ta fito da almakashinta na ɗinki, wanda ta yi ritaya da shi. Ta ce ya yanke wayar a gabanta, ya toshe ramin da take shiga, sannan ta biya. Haka ta kwana tana shiryawa: za ta ba da jitar lantarki, amma wadda wuta ba za ta taɓa shiga ba.

Nea Fane ya zauna a kan wani akwati. Ya ce in ya yi haka ya sayar mata da allo mai fenti, domin in ba akwatin sauti, ko wanda ke ɗaki ɗaya da ita da ƙyar zai ji ta. Ta san gaskiya ya faɗa, ai ita ta ba ni labarin tsagaggen kofi. Ta riƙe almakashin ta rasa inda za ta sa shi.

"Tanti, saurare ni," ya ce. "Ita wannan ba wuta a cikinta. Ko kaɗan. Abin da ya ɗauki yaronki tsohon akwatin nan ne da wayar da ya jawo, ba ta da layin da ke kai wuta ƙasa idan ta ɓalle. Sai ta bi ta jikinsa."

Ya shiga ciki ya fito da wani ɗan akwati da bai fi burodi girma ba. Ya buɗe bayansa ya zazzage batura a tafin hannunsa, irin waɗanda ake sa wa tocila. Ya ce wannan ba ya zuwa kusa da wutar bango, ba shi da abin da zai kashe ko ƙuda. Ya jona, ya kaɗa, ya kama tsirkiyoyin da hannu biyu, har ya sa harshe a kansu don ta gani. Gwaggo ta rufe ido. Ta biya, amma ba ta taɓa ko kwalin ba. Ni na ɗauko, ita tana tafe a ɗaya gefen titi. A gida ta sa na ajiye a baranda, ta kulle ƙofar barandar, ta tokare da kujera.

Da muka hau sama wurin Geta, ba ta bari mun zauna ba. Ta ji ƙarshen maganar tun daga farkonta. Relu yana tsaye a ƙofar ɗakinsa da fulawa a gira, idonsa ya yi haske sannan hasken ya dusashe.

"Tanti Tudora," in ji Geta, "ki ba shi takalmi. Ki ba shi bargo, zai ce bogdaproste har ki gaji da ji. Ni ce na ture hannun Sabin daga kan wayoyin nan da sandar goge ƙasa. Ke ba ki ga yatsunsa ba, na rufe su kafin ki iso."

Na fara bayanin batura, ta ce in ajiye karatuna na Holan, shi ma Sabin ai an ce masa ba komai. Relu ya ce ba zai karɓi abin da uwarsa ba ta yarda ba, ya koma ciki ya rufe ƙofa a hankali. Gwaggo ba ta yi musu ba. A matakala ta tsaya ta riƙe ƙarfe ta ce mini Geta ta yi daidai, da ita ce ma haka za ta yi.

Kwanakin da suka biyo baya ta rame. Na ce mu nemi wani saurayin, garin cike yake da su. Ta ce kowane saurayi yana da uwa. Kuma ita kanta ba ta yarda da maganar Nea Fane ba, mai sayarwa ne, kuma namiji ne mai son burgewa. Takan tsaya ta leƙa kwalin ta gilashin ƙofar baranda. Mafarkin kuma bai daina ba. Ta ce yanzu yatsun sun fi sauri.

Ranar Asabar ta addu'a an kwana ana ruwa. Bayan coci muka wuce maƙabarta da dafaffiyar alkama da burodi da ruwan inabi. Geta ta zo, ita ke ɗauke da kwando ɗaya, domin duk abin da ya faru maƙwabciya ba ta ƙin wannan. Relu na bayanta da ɗayan. Ni kuma ina ɗauke da jitar a cikin jakarta da ɗan akwatin batura, Gwaggo ce ta ce in taho da ita, ba ta faɗi dalili ba. Geta ta ga jakar ta ɗaure fuska.

Liman ya yi addu'a, ya zuba ruwan inabin a kan kabari, ya wuce wani kabarin inda ake jiransa. A jikin dutsen, ƙarƙashin sunan Sabin, an riga an sassaƙa sunan Gwaggo da shekarar haihuwarta, an bar wurin ɗayar shekarar fili. Ta zauna a bencin gefen kabari ta cire takalmi, ta cire safa, ta naɗe su ta ajiye. Ta sauke ƙafafunta a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa har laka ta fito ta tsakanin yatsunta. Sannan ta ce in jona in ɗora mata.

Geta ta tambaye ta ko ta haukace. Gwaggo ta nuna dutsen da haɓa.

"Haka Sabin yake tsaye, ba takalmi, a cikin ruwa. In abin nan zai ɗauki wani, ni zai fara ɗauka. Ga wurina nan a gyare."

Na san abin da ke cikin akwatin, ni na sa baturan da hannuna da safe. Duk da haka sai da na kasa saka wayar a raminta a karon farko. Na ɗora mata jitar a cinya, ta ɗaga hannuwanta sama kamar an ɗora mata gawa. Na murɗa makunnin. Akwatin ya yi ɗan gunji, siriri, amma irin wancan ne. Na ga ya shiga jikin matan biyu lokaci guda. Geta ta saki kwando ta damƙe hannun ɗanta. Leɓen Gwaggo ya yi fari, tana motsa shi ba sauti.

Ta sauke hannun hagu ta damƙe wuyan jitar gaba ɗaya, tsirkiyoyin a cikin tafinta. Ta rufe ido tana jira. Ba wanda ya yi motsi. Ruwa na ɗiga daga bishiya a kan ledar kwandon. Da ta ga tana nan, sai ta kai hannun dama ta ja tsirkiyoyin da farce. Wata ƙara mara daɗi ta tashi ta cika maƙabartar, hankaki suka watse, mutanen kabarin can suka juyo har da liman. Ta sake ja. Ta sake. Hawaye na zuba, ba ta saki ba.

Geta ta saki ɗanta ta zagayo. Ta tsuguna ta ɗaga akwatin ta juya shi, ta duba ko'ina tana neman wata wayar da aka ɓoye. Ta buɗe bayansa ta ga baturan ta mayar. Sannan ta kai bayan yatsa ɗaya, yadda ake gwada dutsen guga, ta taɓa tsirkiya ta janye. Ta sake taɓawa ta bar shi a kai.

"Ba a gareji ba," in ji ta ga Relu, ba ta ko dube shi ba. "Kuma ranar da na ga ka kai jitar nan kusa da wutar bango, da gatari zan faskara ta."

Gwaggo ta miƙe a cikin lakar. Na kunna kyandir na ba ta. Ta tsaya a wannan gefen kabari, Relu a wancan, ta miƙa masa jitar da kyandir ɗin ta saman ƙasar, ta ce don ran Sabin. Ya karɓa da hannu biyu. Sai da uwarsa ta zungure shi ya ce bogdaproste, ta ce ba a ji ba, ya sake faɗa da ƙarfi.

Yanzu da rana, idan ya dawo daga gidan burodi ya yi barci ya tashi, ana jin sa ta silin. Bai iya ba tukuna. Waƙa guda yake ta nema, yana zuwa wuri ɗaya yana faɗuwa. Gwaggo takan zauna a ɗakin girki tana tsince wake tana saurare. Matsalar ita ce lokacin da ya tsaya. Na ga abin da idona: hannunta ya daskare a cikin kwano, kanta a ɗage, ba ta numfashi. Satin farko sau da yawa ta hau sama ba takalmi tana buga musu ƙofa, ta same shi ya je shan ruwa ne.

A benen su Gwaggo idan maƙwabci ya dame ka da ƙara, bututun ɗumama ɗaki kake bugawa, ƙarar ta bi ƙarfe ta isa gare shi. Geta ce ta sa dokar. Duk sanda Relu zai ajiye jitar, ko na ɗan lokaci ne, sai ya ƙwanƙwasa bututun da cokali. Gwaggo ta ji, ta sauke numfashi, ta ɗauki cokalinta na katako ta mayar masa.

Har yanzu da cokalin take kunna fitila. Na tambaye ta kwanan baya ko Sabin ya sake zuwa mata a mafarki. Ta ce bai zo ba, ta ci gaba da tsince wakenta, kunnenta na sama.